Me ya sa jirgin jairo ke kifewa wajen sauka in ana iska?

Tambaya: Na ɗan taɓa koyon tuƙin ƙaramin jirgi mai fiffike, yanzu kuma hankalina ya koma kan jairofilen. Masu tallarsa suna cewa babu ƙaramin jirgin da ya kai shi jure iska. Amma yawancin bidiyon haɗarinsa da nake gani wajen sauka ne, kuma in an tambaya sai a ce iska ce. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ɗauki duka biyun, don babu ƙarya a ciki. Muddin jairo yana sama, iskar da za ta wahalar da ƙaramin jirgi mai fiffike shi ko a jikinsa. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da tayoyi suka kusa taɓa ƙasa har zuwa lokacin da farfelar sama ta tsaya cik. A wannan ɗan tsakanin, jikin jirgin ya zama abin hawa na ƙasa mai taya uku, amma farfelar da ke bisa kansa ba ta daina tashi ba. Masu talla suna ba ka labarin sama, bidiyon kuma yana nuna maka abin da ke faruwa a ƙasa.

Saboda masu karatu da ba su san jirgin ba: a ido yana kama da jirgi mai saukar ungulu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. A jairo, inji ba ya juya farfelar sama a lokacin tafiya. Injin, wanda a yawancin na zamani Rotax ne, ƙaramar farfelar baya yake juyawa ta tura jirgin gaba. Ita babbar ta sama an ɗan kishingiɗar da ita baya, iskar da ke ratsa ta daga ƙasa zuwa sama ita ke juya ta, juyawar kuma ke ɗaga jirgin. Kafin tashi ne kawai ake haɗa ta da inji a kai ta wajen juyi 200 a minti, sannan a sake ta. Riƙe wannan da kyau, domin duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya rataya: iska ce abincin wannan farfela, kuma ba ruwanta da ko iskar daga gudun jirgi ta zo ko daga Allah. Ka kashe inji, ka taka birki, in dai iska na shiga ƙarƙashinta, tana nan tana aiki.

Dalilin natsuwarsa a sama lissafi ne mai sauƙi. Ɗauki jirgi mai kujera biyu irin MTOsport na kamfanin AutoGyro da ke Hildesheim a Jamus. Faɗin farfelarsa mita 8.4 ne, kuma a tafiya tana juyi kamar 350 a minti. Ke nan bakin kowane reshe na farfelar yana keta iska da gudun da ya kai kilomita 550 a awa. In iska ta fizgo da ƙarin kilomita 30 a awa, me ta ƙara wa abin da ke gudun 550? Kaɗan. Amma ƙaramin jirgi mai fiffike irin Cessna 172 da ke gangarowa da kilomita 120 a awa, wannan fizgar rubu'in gudunsa ce, dole ya ji ta. Ga kuma nauyin da ke kan reshen: kilo 500 a kan rassa biyu sirara da faɗinsu duka bai kai murabba'in mita biyu ba, alhali fiffiken Cessna yana ɗauke da wajen kilo 70 kawai a kowane murabba'in mita. Shi ya sa matuƙan jairo suke fita a ranakun da sauran ƙananan jirage ke ɗaure a rumfa. Ni a ganina wannan ma yana cikin abin da ke ƙara yawan haɗarin: jirgin yana ba mutum ƙwarin gwiwar fita cikin iskar da hannunsa bai kai ya sauka a cikinta ba.

Kifewa a ƙasa ba sabon ciwo ba ne a wannan gida. Juan de la Cierva, ɗan ƙasar Sifen da ya ƙirƙiro jirgin, na farkon da ya ƙera sun riƙa karkacewa gefe tun kafin su bar ƙasa, saboda reshen da ke tafiya gaba cikin iska ya fi na mai komawa baya ƙarfin ɗagawa. Sai da ya sa wa rassan gaɓa mai ba su damar yin sama da ƙasa, sannan jirginsa mai suna C.4 ya tashi a watan Janairun 1923 kusa da Madrid. Bayan nan ma, jiragensa na farko da ƙananan fikafikai da allunan karkatarwa irin na jirgin sama ake sarrafa su, kuma waɗannan alluna ba sa jin magana in gudu ya yi ƙasa, wato daidai lokacin sauka. Wannan na cikin abin da ya kai shi ga dabarar karkata kan farfelar kanta da sandar tuƙi, wadda ta fito sosai a jirginsa C.30 a 1933. Ita ake amfani da ita har yau, kuma amfaninta shi ne sandar tana da iko ko jirgi na tsaye, in dai farfela na juyi. Amma ikon sai an yi amfani da shi. Wanda ya saki sanda ya miƙa wa iska.

Bari mu bi saukar daki-daki, ko da yake ba kowane mataki ne ke da nauyi ɗaya ba.

Tun jirgi na gangarowa, iskar da ke mita talatin sama ta fi wadda ke dab da ƙasa ƙarfi, domin ƙasa da ciyawa da gine-gine suna rage mata gudu. Kana saukowa kana fuskantar iska, sai ka ga allurar gudu ta faɗi ba tare da ka taɓa komai ba. Jairo ba ya yin irin faɗuwar nan ta jirgi mai fiffike in gudu ya ƙare, wannan gaskiya ne, amma yana nitsewa, kuma da sauri. In gudu ya yi ƙasa sosai, ko ka ba shi totur duka ba lallai ya daina nitsewa ba sai ka sunkuyar da hanci ka nemo gudu, ga shi kuma ba ka da sararin yin haka. Abin da ke biyo baya shi ne jirgi ya faɗo daga mita biyu ko uku, ya daki ƙasa, ƙafar taya ta lanƙwashe ko ya yi tsalle a karkace. Maganinsa a ƙara gudu kan wanda aka saba, wanda a irin waɗannan jirage yake wajen kilomita 90 zuwa 100 a awa, a kuma bar ɗan totur a ciki har ƙasa. Haka nan bayan rumfar jirage ko jerin bishiyoyi iska takan hargitse har nisan da ya ninka tsayinsu sau goma ko fi. Tunda jairo ba ya buƙatar dogon titi, babu dalilin dira a wurin da iska ta dagule. A wuce shi a sauka gaba.

Barin ɗan totur ɗin yana da wani amfani da mutane ke mantawa. Allon wutsiya, wanda feda ke juyawa, yana bayan farfelar inji ne, kuma yawancin ƙarfinsa daga iskar da take feso masa yake samu. Ka rufe totur gaba ɗaya, ka ɗaga hanci gudu ya ragu, to allon ya kusa zama ado, a daidai lokacin da iskar gefe ke neman juya hancin jirgin ya fuskance ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato tayar gaba. A yawancin jiragen jairo na Turai da ke kasuwa, fedar da ke juya allon wutsiya ita ce dai ke juya tayar gaba, a haɗe suke. Ka ɗauka iska na zuwa daga dama. Don kada ta kwashe ka zuwa hagu, ka karkata sanda dama. Don kuma hanci ya miƙe da titi, ka taka fedar hagu. Daidai ka yi. Tayoyin baya sun taɓa ƙasa lafiya. Amma ƙafarka tana kan fedar hagu, ke nan tayar gaba a murɗe take zuwa hagu tana jira a sama. In ka bar ta ta sauko da sauran gudu a jikin jirgin, tana taɓa kwalta za ta fizge hancin zuwa hagu, nauyin jirgin kuma ya nufi dama. Duk wanda ya taɓa ganin A Daidaita Sahu ta sha kwana da gudu ya san sauran labarin: taya ɗaya a gaba, biyu a baya, ba abin da ke tare ta ta kusurwar gaba. Jairo ma ya fi ta muni, domin a kan turke mai tsayin kusan mita uku akwai farfela mai nauyi, tsakanin tayoyin bayansa kuma bai kai mita biyu ba. Matuƙi ya firgita ya taka ɗaya fedar da ƙarfi, jirgin ya fizgo ɗaya gefen, a karo na biyu ko na uku reshe ya sari ƙasa. Wanda ya saba karanta rahotannin hukumar binciken haɗarin jirage ta Birtaniya, AAIB, ya san wannan labari, don yana ta maimaituwa da jirage daban-daban da matuƙa daban-daban.

Abin da ake koyarwa shi ne a riƙe tayar gaba a sama da sanda a baya, a bar farfela ta ci gudun, domin faifanta, wato da'irar da rassanta ke zagayawa, da ke kishingiɗe birki ne mai ƙarfin gaske. Sai gudu ya dawo kamar tafiyar ƙafa, a daidaita feda, sannan a ajiye tayar. Da baki abu ne mai sauƙi. A aikace, daidaita feda yana nufin ka ɗan saki abin da ke riƙe maka hanci a miƙe, don haka lokacin yinsa ƙanƙane ne, kuma ƙafa ce ke koyonsa da maimaici, ba kai ba. Jiragen da aka yi wa tayar gaba mai juyawa da kanta, ana sarrafa su da birkin kowace taya, ba su da wannan tarko, sai dai suna da nasu halin.

Dangin wannan shi ne dira alhali jirgi yana zamewa gefe, ko hancinsa bai miƙe da inda yake tafiya ba. Jirgi mai fiffike mai faɗin ƙafa yakan yafe maka wannan, ya yi ƙara ya miƙe. Jairo ba ya yafewa. A jiragen da ake zama kafaɗa da kafaɗa, irin Cavalon na AutoGyro ko Magni M24 na Italiya, abin ya fi wuya ga sabon shiga: ba a tsakiyar jirgin kake zaune ba, gabansa kuma a lanƙwashe yake, sai ido ya ce maka ka miƙe alhali a karkace kake. Ga jikinsu a rufe, ya fi ba iskar gefe wurin kamawa.

To, an dira, an tsaya. Nan ne kai musamman nake so ka buɗe kunne, tunda ka fara da jirgi mai fiffike. An koya maka ka ci gaba da jan sanda baya bayan dira, kuma da zarar jirgi ya tsaya hankalinka ya koma kan rediyo da neman hanyar fita. A jairo, jirgi ya tsaya amma farfela tana juyi wajen 300, faifanta kuma ya kai murabba'in mita 55. In sanda na baya, iska mai ƙarfi tana shiga ƙarƙashin faifan, sai ta ja jirgin da baya, ko ta ɗaga hancinsa ya zauna kan wutsiya, ko ta ɗauke nauyin da ke kan tayoyi har birki ya zama banza. Ƙarfin iska kuma ba a miƙe yake ƙaruwa ba, ninkin gudunta a kansa ne: in ta tashi daga not 15 (not ma'aunin gudu ne, ɗaya ya kusa kilomita biyu a awa) ta fizga zuwa 25, ƙarfin turinta ya kusa ninkawa uku. Saboda haka da jirgi ya tsaya, sanda ta tafi gaba duka a shimfiɗe faifan, a kuma karkata ta ɓangaren da iska ke fitowa. Hannu ba ya barin ta.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici, don shi ya fi sauƙin kaucewa, shi ne juyawa a fita daga titi da wuri. Mutum ya yi sauka mai kyau, ya ji wani jirgi na bayansa, yana so ya ba da hanya, sai ya karya kwana alhali farfela na da ƙarfinta, sanda kuma ba ta kai gaba ba. Yana juyawa, iskar da ɗazu take gabansa ta koma gefensa, ta shiga ƙarƙashin faifan, ga kuma nauyin kwana yana tura shi waje guda. Kafin ya ankara jirgi na kwance. Jirgin da ke bayanka yana iya fasa sauka ya sake zagayowa, ba abin da zai rage shi sai ɗan mai. Ka tsaya cik tukuna, ka shimfiɗe faifai, ka sa birkin farfela, ka bar juyin ya sauka, sannan ka juya a hankali kana bin iska da sanda.

Sai dai saukar juyin ma tana da nata haɗarin, kuma wannan ne mutane suka fi kasa ganewa. Farfelar yawancin jiragen yau mai reshe biyu ce da ke lilo a kan ƙusa guda, salon da Igor Bensen ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1950. In reshe ɗaya ya yi sama, ɗayan ya yi ƙasa, kuma wannan lilon shi ke daidaita bambancin ɗagawar da ya dami Cierva. Amma lilon yana da iyaka, akwai matsayar ƙarfe. Duba lissafin. A juyi 350, tsakiyar reshe tana gudun kusan kilomita 280 a awa; iskar kilomita 40 ta mai da na gaba 320, na baya 240, bambancin da lilo ke shanyewa ba wahala. A juyi 100 kuwa, tsakiyar reshen tana gudun kusan 80 ne kawai. Iskar nan ɗaya ta mai da ɗaya 120, ɗayan 40, wato ƙarfin ɗagawar ɗaya ya ninka na ɗayan sau tara. Ga shi ƙarfin juyin da ke miƙar da rassan ya yi rauni. Sai farfela ta fara dukan matsayarta, sanda ta riƙa fizgar hannunka tana bugawa, reshe ya sunkuyo ta baya ya sare allon wutsiya ko farfelar inji, wani lokaci jirgin ya kife gaba ɗaya. In ka ji wannan bugun, rufe totur, tura sanda gaba, rage gudu. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yin gudu a hanyar fita ana fuskantar iska da farfela mai kasala, don gudunka da na iska haɗuwa suke. Kuma shi ya sa fasa sauka yake da lokacinsa: in za ka fasa, fasa tun kana sama ko da ka taɓa ƙasa farfela na da cikakken juyi. Wanda ya dira, ya tura sanda gaba, juyi ya sauka, sannan ya canja shawara ya banka totur duka ya ja sanda, shi ya kira wannan bugun da hannunsa.

Tunda an zo maganar fasawa, abu biyu. Banka totur a ƙaramin gudu yana murɗa jirgin ya kuma karkata shi, sai ƙafa da hannu sun tare. Sannan in iska ta cilla ka sama wajen dira, kada ka danna sanda gaba da ƙarfi don ka dawo. Farfelar jairo tana son nauyi a kanta kullum. In ka sauke mata shi farat ɗaya, juyinta yana raguwa kuma ikonka a kanta yana tafiya. A hankali ake daidaita hanci, a ƙara totur, a tafi a sake dawowa.

Iskar baya ba ta buƙatar dogon bayani. Littattafan waɗannan jirage ba sa yarda da fiye da wajen not 5. Ƙasa tana gudu a idonka, sai ka ga kamar ka yi sauri da yawa ka ja sanda, alhali gudunka a cikin iska ya riga ya yi ƙasa. Ka kuma dira da gudun da tayar gaba ba ta so.

Akwai wata dama da jairo ke da ita wadda ba a cika amfani da ita ba. In iskar gaba ta kai not 15 zuwa 20, jirgin yakan dira kusan ba tare da ya gangara ba. To me zai sa ka yi kokawa da iskar gefe a kan dogon titi? In filin yana da faɗi kuma masu kula da shi sun yarda, sai ka karkato ka sauka a gicciye kana fuskantar iska, ko ka rage kusurwar. Lissafin kai ne: iskar da ke zuwa da digiri 30 daga hanci, rabinta ne ke bugun gefenka, a digiri 45 kashi bakwai cikin goma, daga 60 zuwa sama ka ɗauke ta duka. Adadin iskar gefe da za ka gani a littafin jirgi, wajen not 20, matuƙin gwaji ne ya nuna shi. Ban ga dalilin da zai sa mai sabon lasisi ya wuce rabinsa ba, musamman in iskar mai fizga ce ba mai tafiya bai ɗaya ba. Na fi tsoron not 10 mai tsalle zuwa 20 a kan not 20 da ke zaune daram a kan hanci.

In kana tunanin wata rana ka tuƙa shi a ƙasashenmu, ƙara abu biyu a lissafi. Na farko iskar da ke gaban hadari, wadda kan juya alkibla ta zo da ƙarfi cikin 'yan mintoci, da kuma guguwar rani da ke tashi a fili ba sallama. Ko Amelia Earhart, shahararriyar matuƙiyar jirgi Ba'amurkiya, da jaironta ƙirar Pitcairn ya faɗi a Abilene ta jihar Texas a watan Yunin 1931, guguwa ta ɗora wa laifi, ko da yake nata wajen tashi ne. Na biyu zafi da tudu. A Kano cikin Afrilu da zafi ya kai digiri 40, ko a Jos mai tsayin sama da mita 1,200, iska ta yi sirara: za ka dira da gudun ƙasa fiye da yadda ka saba, injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa masa ƙarin iska) kamar Rotax 912 kuma ba zai ba ka ƙarfin da kake tsammani ba in ka zo fasa sauka.

Yawancin irin wannan kifewa a ƙaramin gudu take faruwa, don haka sau da yawa mutane kan fito da ƙafarsu. Aljihu ne ke jin jiki: rassa, kan farfela, turke, farfelar inji, ga binciken injin kansa. Kuma gutsattsarin reshe yana tashi nesa, shi ya sa ba a son 'yan kallo kusa da inda jairo ke sauka.

In ka je neman makaranta, tambayi malamin ko tayar gaban jirginsu a haɗe take da feda, kuma ka gaya masa tun ranar farko cewa ka taɓa jirgi mai fiffike, don ya san halayen da zai cire maka. Ka nemi ya fita da kai a ranakun iska yana kujerar baya, ba ranakun lumana kaɗai ba, ya kuma ba ka lokaci a ƙasa kana tayar da farfela kana sauke ta, kana juya jirgi ta kowace fuska, kana kallon ma'aunin juyi har hannunka ya san inda sanda za ta kasance ba sai ka tsaya tunani ba. Makarantar da ke gaggawar kai ka sama tana tsallake wannan aiki na ƙasa, nemi wata.